Cutar Mantuwa: Sabon Wa'adin 2031, Sabbin Magunguna, da Tambayar Wa Zai Yi Jinya

A tsakiyar shekarar 2025 wasu labarai biyu suka fito kusan a jere, suka bar mutane da dama cikin ruɗani. A watan Mayu, babban taron lafiya na ƙasashen duniya da ake yi duk shekara a Jeneva ya amince a tsawaita shirin Hukumar Lafiya ta Duniya kan cutar mantuwa zuwa 2031, alhali a 2025 aka tsara zai kammala. Wata guda bayan haka, hukumar da ke tantance magungunan da asibitocin gwamnati za su riƙa bayarwa a Ingila ta ce ba ta ga hujjar a sayi wasu sabbin magunguna biyu na cutar ba, waɗanda aka daɗe ana yayata cewa su ne suka buɗe ƙofar waraka.

Tambayoyin da suka biyo baya a fili suke. An samo maganin ne ko ba a samo ba? In an samo, me ya hana ƙasa mai arziki saye? Shirin da ya ci shekara takwas, me aka yi a cikinsu da har ake neman ƙarin shida? Amsoshin duk wuri ɗaya suke komawa: mafi yawan abin da mai wannan cuta yake buƙata a gida ake yin sa, kuma har yanzu ƙasashe ƙalilan ne suka yanke shawarar wanda zai yi aikin da wanda zai biya.

## Gigin tsufa ko cuta?

Bahaushe yana da kalmominsa tun da daɗewa. Ana cewa tsoho ya ruɗe, ko gigin tsufa ya kama shi, ko tsufa ya zo masa da gardama. Malamai kan kawo aya ta 70 ta Suratun Nahli, inda aka ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya daina sanin abin da ya sani. Wato yanayin ba baƙo ba ne. Abin da likitanci ya ƙara shi ne bayanin cewa ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan tsofaffi har su koma ga Allah ba sa kamuwa da shi.

Cutar mantuwa suna ne da ya tattara cututtuka da yawa masu lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har tunani da magana da lissafi da gane hanya su raunana ta yadda mutum zai kasa tafiyar da harkokinsa na yau da kullum. Wanda ya manta inda ya ajiye makulli, bayan an jima ya tuna, wannan mantuwa ce ta ɗan'adam. Wanda ya riƙe makullin a hannu ya rasa me ake yi da shi, wannan wani abu ne daban.

Mafi yawa a cikinsu ita ce cutar Alzheimer, wadda ta ɗauki kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu fama. Sunan wani likita Bajamushe ne, Alois Alzheimer, wanda a 1906 ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ciwon ya kama tana da shekara hamsin da 'yan kai. Na biye da ita shi ne nau'in da ke zuwa ta hanyoyin jini, idan hawan jini ko ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki suka hana jini isa wasu sassan ƙwaƙwalwa. Wannan nau'in ya cancanci kulawa ta musamman a wuraren da mutum kan shekara goma da hawan jini bai taɓa aunawa ba.

Akwai kuma abubuwan da ke kama da cutar amma ba ita ba ne, kuma a nan zuwa asibiti yake da riba nan take. Tsohon da ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, jiya lafiya lau yau bai san kowa ba, sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani da aka ɗora shi a kai. Ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo da ciwon damuwa su ma suna jawo mantuwa, kuma duka ana maganinsu. Iyalin da suka yanke cewa tsufa ne suka zauna, za su iya rasa warakar da ba ta fi ƙarfin aljihunsu ba.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da cutar a 2021, sama da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kuma kusan miliyan 10 ke ƙaruwa duk shekara. Ita ce ta bakwai a jerin abubuwan da suka fi kashe mutane a duniya. Duk da haka, wani bincike da ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu yaƙi da cutar Alzheimer ta fitar a 2024 ya gano kashi 80 cikin ɗari na jama'a suna ɗaukar abin a matsayin tsufa kawai. Abin da ya fi tayar da hankali, kashi 65 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya da na jinya su ma haka suka ɗauka.

## Magani daban, jinya daban

Masu tsara manufofi suna raba hidimar mai cutar kashi biyu. Ɓangaren lafiya shi ne likita, gwaji, magani da gadon asibiti. Ɓangaren kula da rayuwa shi ne wanka, ciyarwa, kai mutum banɗaki, canza shimfiɗa, tsare ƙofa da kwana kusa da shi. A mafi yawan cututtuka na farkon ne ke cin kuɗi. A cutar mantuwa abin ya juya.

Duk wanda ya taɓa wannan jinya ya san hoton. La'asar ta yi sakaliya, tsohuwa ta tattara zannuwanta ta ɗaure a ƙulli, ta nufi zaure tana cewa za ta tafi gida, Inna na jiranta. Gidan da take ciki ta shekara arba'in da aure a cikinsa, Innar kuwa ta rasu tun kafin a haifi jikokin da ke riƙe mata hannu. In aka ce mata "Hajiya, ai nan ne gidanki," sai rigima ta tashi. Da safe ta nemi kuɗin da ta cusa a ƙarƙashin katifa ta manta, ta rasa, ta ce matar ɗanta ce ta sace. Matar ɗan ita ce ta yi mata wanka da asuba, ita ce kuma za ta kwana a bakin ƙofa don kada ta fice cikin dare. Babu ɗaya daga cikin wannan da allura ko ƙwaya za ta ɗauke, kuma yana iya ɗaukar shekara biyar, takwas, har goma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar ta ci wa duniya dala tiriliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabin wannan adadi darajar aikin da iyali da maƙwabta suka yi ne ba tare da an biya su ba. A matsakaici mai jinya yana ba da awa biyar a kullum, kuma kashi 70 cikin ɗari na waɗannan awowi mata ne ke bayarwa. Saboda haka idan aka ce a inganta kula da masu cutar mantuwa, rabin maganar a kan wata mata ce da ba ta cikin rajistar kowane asibiti.

## Abin da aka yi alkawari a 2017

Shirin da aka tsawaita an amince da shi ne a watan Mayun 2017. Ya ƙunshi fannoni bakwai, daga wayar da kai da rage haɗarin kamuwa zuwa gano cutar, tallafa wa masu jinya, tattara bayanai da bincike. Manyan burikansa biyu su ne, zuwa 2025 kashi 75 cikin ɗari na ƙasashe su kasance da rubutaccen tsari kan cutar, sannan a rabin ƙasashe a riƙa gano aƙalla rabin masu ɗauke da ita.

Da aka duba a 2021, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasashe ne kawai ke da tsarin, rabinsu kuma a Turai. Annobar korona ta janye kuɗi da hankali, wannan gaskiya ne, amma matsalar ta girmi korona. Cutar mantuwa ba ta yaɗuwa, ba ta kisa a rana ɗaya, masu ita ba sa zanga-zanga, masu jinyarsu kuma ba su da lokacin fita. A gwamnati ma ba ta da uba guda: ma'aikatar lafiya na ganin aikin ma'aikatar jin ƙai ne, ita kuma tana ganin na lafiya ne.

Masu goyon bayan tsawaitawar suna cewa in aka bar shirin ya mutu, babu sauran wata takarda da za a riƙe wa gwamnatoci a ce ga abin da kuka sa wa hannu. Masu shakka kuma suna nuna cewa shirin ba ya tilasta wa kowa, ba ya zuwa da kuɗi, don haka ƙarin shekara shida ba zai canza abin da takwas ba su canza ba. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da mai karatu zai riƙe shi ne, ƙarin wa'adin ba ya nufin an buɗe wani sabon asusu ko sabon asibiti a ko'ina.

## Sabbin magungunan

Magungunan da aka daɗe da su, irin su donepezil da memantine, suna ɗan sassauta alamomi na wani lokaci a wasu mutane, ba sa tsayar da ciwon. Faransa ma ta daina biyan kuɗinsu daga asusun inshorar gwamnati a 2018, bisa hujjar amfaninsu bai taka kara ya karya ba, matakin da likitoci da dama suka yi suka a kai.

Sabbin biyun, lecanemab da donanemab, aikinsu daban ne. Suna share wani sinadari, irin wanda ake kira furotin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer. Amurka ta ba na farko cikakken izini a watan Yulin 2023, na biyu a Yulin 2024. A gwajin lecanemab da aka yi wa mutum kusan 1,800 na tsawon wata 18, tabarbarewar waɗanda suka karɓi maganin ta ragu da kashi 27 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba su karɓa ba. A lura da kyau: ciwon ya ci gaba a dukkan ɓangarorin biyu, sauri ne kawai ya ragu a ɗaya.

Sharuɗɗan kuma suna da nauyi. Sai wanda ke matakin farko, kuma sai an tabbatar da furotin ɗin ta hoton ƙwaƙwalwa na musamman ko ɗibar ruwan ƙashin baya. A gwajin, ta jijiya aka riƙa ba da lecanemab duk mako biyu. Kusan mutum ɗaya cikin takwas a gwajin ya samu kumburin ƙwaƙwalwa, don haka sai an riƙa ɗaukar hoto akai-akai. Farashin da aka fara sa masa a Amurka dala 26,500 ne a shekara, ban da kuɗin gwaje-gwaje.

Hukumar Ingila ta auna wannan duka ta ce amfanin bai kai kuɗin ba. Ƙungiyoyin masu fama da cutar suka ce 'yan watannin da uba zai ƙara yana gane 'ya'yansa ba abin rainawa ba ne, kuma ƙin saye zai sanyaya gwiwar masu bincike. Masu kare hukumar suka ce kuɗin da za a kashe wa mutane ƙalilan zai iya ɗaukar ma'aikatan jinya ga dubbai. Ga iyali a Kano ko Maraɗi, amsar a taƙaice ita ce babu maganin warkewa tukuna a ko'ina a duniya, kuma duk wanda ya tallata musu wani a kemis ko a Facebook da sunan waraka, kuɗinsu yake nema.

## Wa zai biya: Ingila da Japan

Ingila misali ce ta abin da ke faruwa idan aka raba magani da jinya. Asibitin gwamnati kyauta ne ga kowa. Jinya kuwa ƙananan hukumomi ne ke kula da ita, kuma sai an duba dukiyar mutum. Wanda abin da ya mallaka ya haura fam 23,250 shi zai biya da kansa, adadin da ba a taɓa ba tun 2010. Sakamakon haka, mai ciwon daji yana samun maganinsa kyauta, maƙwabcinsa mai cutar mantuwa kuma yana iya sayar da gidansa don biyan kuɗin gidan kula da tsofaffi. Wani kwamiti ya ba da shawara a 2011 a sa iyaka ga abin da mutum zai kashe a rayuwarsa. Daga baya aka tsayar da fam 86,000, aka ɗage farawa, sannan sabuwar gwamnati ta soke shi a Yulin 2024 saboda rashin kuɗi, ta kafa wani kwamitin da zai kammala aiki a 2028. Sikotland, maƙwabciyarta, ta ɗauki wata hanya: a 2002 ta mayar da hidimar jiki irin wanka da ciyarwa kyauta ga masu shekara 65 zuwa sama, kuma daga 2013 an yi alkawarin duk wanda aka gano yana da cutar za a haɗa shi da ma'aikaci guda da zai bi shi da iyalinsa na aƙalla shekara ɗaya.

Japan, inda kusan kashi 29 cikin ɗari na jama'a sun kai shekara 65, ita ta fi kowa nisa. Al'adarta ta daɗe tana ɗora jinyar tsofaffi a kan matar babban ɗa, abin da ba zai yi wa Bahaushe wuyar ganewa ba. Da iyalai suka ƙanƙance, mata suka fita aiki, tsofaffi suka riƙa cika gadajen asibiti na watanni ba don suna buƙatar likita ba. A shekarar 2000 aka kafa inshorar jinya ta dole. Kowa yana fara biya daga shekara 40, gwamnati na zuba rabin kuɗin daga haraji, mai amfana kuma yana biyan kashi 10 cikin ɗari, ko fiye in yana da hali. Ana auna buƙatar mutum a sa shi a mataki, a ba shi jami'in da zai tsara masa hidima: mai zuwa gida, wurin wuni da rana, ko kwana na 'yan kwanaki don iyali su huta. Jamus ta riga ta da irin wannan inshora tun 1995, amma sai a 2017 ta gyara ma'auninta domin ya ƙidaya raunin tunani daidai da raunin jiki.

Japan ta taɓa har harshe. A 2004 gwamnati ta daina amfani da tsohuwar kalmar cutar, wadda ke ɗauke da ma'anar wauta, ta maye gurbinta da wata mai nufin matsalar fahimta. Daga 2005 aka fara horar da jama'ar gari na kimanin minti 90, ma'aikatan banki, masu shago, 'yan makaranta, kan yadda za su gane tsohon da ya rikice su taimaka masa. Waɗanda suka samu horon sun haura miliyan 10.

Wata shari'a ce ta nuna inda gizo ke saƙar. A watan Disambar 2007, a garin Obu, wani dattijo mai shekara 91 ya fice daga gida a daidai lokacin da gyangyaɗi ya ɗauki matarsa mai shekara 85 na 'yan mintuna. Ya shiga layin dogo, jirgi ya kashe shi. Kamfanin jirgin ya kai iyalin ƙara yana neman yen miliyan 7.2 na asarar jinkirin da aka samu. Kotun farko ta ce matar da babban ɗan su biya. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa rabi, ta ɗora wa matar. Sai a watan Maris na 2016 kotun ƙoli ta wanke su. Shekarun da aka yi ana wannan shari'a sun sa iyalai da yawa tunanin cewa mafita ita ce a kulle tsoho a ɗaki. Don kauce wa haka wasu birane suka kafa inshorar irin wannan haɗari. Birnin Kobe, daga 2019, ya ƙara yen 400 a shekara kan harajin mazauna, ana gwada masu shekara 65 zuwa sama kyauta, ana kuma biyan diyya idan mai cutar ya jawo ɓarna. A Yunin 2023 majalisar ƙasar ta zartar da doka ta musamman kan cutar, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, kuma ta wajabta a saurari masu cutar da iyalansu wajen tsara manufofi.

Duk da haka ba a gama ba. A 2023 kaɗai an kai wa 'yan sandan Japan rahoton ɓatan masu cutar sama da 19,000. Kimanin mutum 100,000 ke barin aiki duk shekara don jinyar iyaye. Kuɗin inshorar na ta hawa, ma'aikata sun yi ƙaranci har ana ɗauko su daga Indonesiya, Filifin da Biyetnam.

## Gida ko gidan kula da tsofaffi

A nan ra'ayi ya rabu sosai. Masu fifita gida suna da hujjar likitanci ban da ta addini da al'ada: mai cutar ya fi natsuwa a inda ya saba, cikin muryoyin da ya sani, kuma sauya masa wuri kan ƙara masa ruɗewa. Masu cewa a samar da gidajen kula suna nuna iyalan da suka gaji, da tsofaffin da ba su da kowa, da waɗanda ake rufewa a ɗaki ko a ɗaure don ba mai tsaron su. A Holan an gwada haɗa biyun a wani wuri da ake kira Hogeweyk, wanda aka buɗe a 2009, unguwa ce guda mai shago da wurin aski inda mazauna ke yawo abinsu ma'aikata na lura da su. Tsadarsa ta sa ba kowace ƙasa za ta iya kwaikwaya ba.

Ko a gida ko a gidan kula, haɗari ɗaya ne ke bin mai cutar, wato a kwantar da shi da magani don a huta. Wani rahoto da aka yi wa gwamnatin Ingila a 2009 ya ƙiyasta mutum 180,000 masu cutar mantuwa ake ba magungunan taɓin hankali masu sa kasala, kimanin 36,000 ne kawai ke amfana, kuma magungunan na jawo ƙarin mutuwar kusan 1,800 a shekara. Wannan gargaɗi ne kai tsaye ga duk inda ake iya sayen maganin barci a kemis ba takardar likita. Tsohon da ke ihu da dare sau da yawa ciwo yake ji, ko fitsari ya matse shi, ko yunwa, ko tsoron duhu, ya kuma rasa kalmar da zai faɗa.

## Inda maganar ta iso gida

Masu shekara 65 zuwa sama kusan kashi 3 cikin ɗari ne na 'yan Najeriya, shi ya sa ake ganin batun na Turawa ne. Wani sanannen bincike da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata a birnin Indiyanafolis na Amurka, ya samu cutar a kashi 2.29 cikin ɗari a Ibadan, 8.24 a can. Amma yawan tsofaffi na ƙaruwa, hawan jini da ciwon suga ma haka. Ƙiyasin da aka fitar a 2017 ya ce masu cutar a Afirka kudu da Sahara miliyan 2.13 ne a 2015, za su kai miliyan 3.48 a 2030, sannan miliyan 7.62 a 2050.

A takarda Najeriya ta yi motsi. An sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusu don masu rauni, ciki har da tsofaffi. A Janairun 2023 dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi tun 2012. A aikace kuwa, sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita, likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma asibitocinsu a Arewa, irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri, sun yi wa mafi yawan ƙauyuka nisa. Iyalai da yawa ma ba za su kai mahaifinsu can ba don gudun a ce ya haukace.

Wannan suna da ake gudu yana da muni fiye da kunya. Tsohuwar da ke yawo cikin dare, ko aka tsince ta a ƙofar gidan wani tana sambatu, tana iya fuskantar zargin maita. A arewacin Gana har yau akwai sansanonin matan da aka kora da wannan zargi, irin na Gambaga da Kukuo. Majalisar ƙasar ta zartar da dokar hana zargin maita a Yulin 2023, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba.

## Abin da zai iya canzawa ga iyali

Tunda ƙwararru ba za su wadata nan kusa ba, hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nunawa ita ce a horar da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi. Tun 2008 tana da wani shiri da ke koya wa ma'aikacin da ba ƙwararre ba yadda zai gane cutar, ya fara kawar da zazzaɓi da sauran abubuwan da ke kama da ita, ya auna hawan jini, ya zauna da iyali ya yi musu bayani. Tana kuma da littafin horar da masu jinya a gida. Masu suka suna cewa waɗannan ma'aikata aiki ya riga ya yi musu yawa, kuma gano cutar da ba ta da magani ƙarin baƙin ciki ne kawai. Amsar da ake ba su ita ce, sanin sunan ciwon yana sauya zaman gida. Matar ɗa ta daina zama ɓarauniya a idon dangi. 'Ya'ya su samu damar jin ta bakin mahaifinsu kan gona da bashi da wasiyya tun yana iya magana. A daina kashe kuɗi wajen masu cewa sammu ne.

Ta fuskar rigakafi, kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda in aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar. Da yawansu sanannu ne: hawan jini, ciwon suga, taba, ƙiba, rashin motsa jiki, buguwar kai, gurɓatacciyar iska, kaɗaici da ƙarancin karatu tun yarinta. Biyu daga ciki ba kasafai ake danganta su da ƙwaƙwalwa ba, wato raunin ji da raunin gani da ba a yi magani ba. Aikin yanar ido, ko hular kwano a kan ɗan acaɓa, suna cikin wannan lissafi. Adadin na al'umma ne gaba ɗaya, ba tabbaci ba ne ga mutum ɗaya, domin akwai waɗanda suka kiyaye komai kuma cutar ta same su.

Ɓangaren da ya fi wuya shi ne na mai jinya, don shi ne ke buƙatar kuɗi ko hannu. Abin da Japan da Sikotland suka nuna yana aiki ba na'ura ba ce: mutum guda da iyali suka san za su kira, da wurin da tsoho zai wuni lafiya, da 'yan kwanakin hutu ga mai jinya. Inshora irin ta Japan tana buƙatar ma'aikata masu albashi da za a cira daga gare su, abin da mafi yawan mutanen Najeriya da Nijar ba su da shi. Saura su ne asusun masu rauni na dokar 2022, hukumomin zakka da waƙafi na jihohi, da ƙungiyoyin unguwa da na masallatai da coci-coci, waɗanda za su iya ɗaukar horon minti 90 irin na Japan ba tare da jiran kasafin kuɗi ba. Mai shayi da ɗan acaɓa da mai gadin layi su ne suka fi kowa damar ganin dattijon da ya fito bayan sallar asuba ya rasa hanyar komawa, kuma takarda mai ɗauke da lambar wayar ɗansa a aljihun rigarsa ita ce za ta gaya musu inda za su mayar da shi.